Bokan da Na Ƙaƙaba wa Malam Habu

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Duk lokacin da ta faɗo mini a rai, ko a tsakiyar cin tuwo nake, sai na ji zufa ta tsattsafo mini a ƙeya, na ajiye lomar. Kuma abin haushin, kalma ɗaya tak ce ta yi mini wannan aika-aika.

Ina aiki a sashen yaɗa labarai na wata hukumar gwamnati a nan Abuja (ba zan faɗi sunanta ba, har yanzu a can nake samun na cefane). Aikin jarida na karanta, kuma a lokacin ina da wata muguwar ɗabi'a ta gyara wa mutane magana. In abokin aiki ya rubuta takarda, ni ne mai jan biro a ƙarƙashin kuskurensa. In wani ya yi Hausa ya mayar da mace namiji, kamar yadda ake yawan yi a garin nan, sai na yi tari na gyara masa. Ina ganin taimako nake yi. Ashe mutane haushina suke ta tarawa.

A wannan lokacin kujerar shugaban sashenmu babu kowa a kai, mu biyu muke hararar ta, ni da wata abokiyar aikina. Daraktanmu, Alhaji Bala, sabon zuwa ne, bai gama sanin kowa ba. Don haka kullum ina neman hanyar da zan nuna masa cewa akwai kai a ofishin nan.

Sai ga hanya ta zo da ƙafarta. Hukumarmu ta haɗa hannu da wani gidan baje kolin zane-zane a Wuse aka shirya taron masu fasaha. Ban da masu zanen zamani, irin masu tara gashi da tabarau, an gayyato masu sana'ar hannu daga kewayen birni: mata masu ginin tukwane daga Paikon Kore, Fulani masu sassaƙar ƙwarya, dukawa, da wani dattijo daga Jiwa mai suna Malam Habu, malamin makarantar allo wanda ya shahara wajen zayyana. Allunansa ne aka jera a bakin ƙofar shiga, kowa ya zo sai ya tsaya ya kalla. Babbar baƙuwa mai jawabi kuwa wata Farfesa ce 'yar kudu, mai koyar da falsafar fasaha a wata jami'a a ƙasar waje. Hausarta ba ta wuce “sannu” ba.

An ɗauki tafinta na musamman saboda waɗanda ba sa jin Turanci. Ana gab da farawa ya bugo waya, wai tirela ta faɗi a Masaka ta tare hanya, tun safe ko tsawon sallaya motarsu ba ta matsa ba. Darakta ya tara mu a bakin zaure, fuskarsa a murtuke.

“To, yanzu ya za a yi? Wa zai iya?”

Bai rufe baki ba na ce, “Ranka ya daɗe, ai ga ni.”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Ka tabbata? Maganar falsafa ce fa, ba sanarwar hutu ba.”

“Ranka ya daɗe, ai Turanci Turanci ne.”

(Da a ce akwai mai ƙaunata a wurin, da a nan ya kamata ya toshe mini baki. Amma mai rabon shan duka ba ya jin bari.)

Tsarin shi ne, masu sana'ar hannu su zauna a kusurwar baya, ni kuma in zauna a tsakiyarsu ina fassara musu da murya ƙasa-ƙasa, don kada a katse Farfesa. Wato babu mai jin abin da nake faɗa sai su. Malam Habu yana damana da carbi a hannu. A haguna wata dattijuwa mai ginin tukwane, Mama Asabe, mace mai faram-faram wadda ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Ga kuma wani abin da ban ɗauke shi a bakin komai ba: an ɗauke wuta, ƙaramin janareta ne ke jan lasifika da fankoki, don haka majigin da zai haska hotunan Farfesa a bango bai tashi ba. Ta ce ba komai, za ta yi da baki.

Farko lafiya lau. Gaisuwa, godiya, yabon masu shirya taro. Ina fassarawa har da ƙarin gishiri, ina jefa karin magana inda ita ba ta jefa ba. Mama Asabe ta taɓa ni ta ce, “Oga, kai Hausa naka yana da daɗi.” Na ji kaina ya ƙara girma, har na yafe mata “naka” ɗin.

Sai Farfesa ta gyara tabarau ta ce duk jawabinta na yau a kan kalma ɗaya zai tsaya, kalmar da masana falsafar fasaha suka daɗe suna jayayya a kanta. Ta faɗe ta: midiyom.

Na yi murmushi. Wannan ai gonata ce. Duk wanda ya shiga ajin aikin jarida ya san ita ce tilon “midiya”, wato kafar yaɗa labarai. Na juya na ce musu, “Yau za ta yi bayani ne a kan kafar yaɗa labarai, kamar rediyo da talabijin.”

Suka gyaɗa kai. Farfesa ta ce babu mai fasahar da zai iya aiki ba tare da ita ba, kowa yana da tasa. Na ce, “Kowane mai sana'a yana da rediyonsa.” Malam Habu ya shafa aljihun gaban rigarsa inda 'yar ƙaramar rediyo take, ya ce, “Wannan gaskiya ne.” Ta ce ita ce ke tsayawa tsakanin abin da ke zuciyar mai fasaha da idon mai kallo. Wannan ma ya shige, da ɗan turawa.

Daga nan ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashina. Farfesa ta ce kuskure ne a ɗauka cewa midiyom bawa ne mai biyayya. Yana da taurin kai. Kana neman abu kaza ya ƙi, ya ba ka wani daban. Ɗan koyo kokawa yake yi da shi, gwani kuwa sauraronsa yake yi, har ya bar shi ya ja shi inda bai yi niyya ba.

Rediyo mai taurin kai? Rediyon da ake kokawa da shi? Na san masu falsafa da son magana a sama, amma wannan baiwar Allah ko misali ɗaya ta ƙi saukowa ta bayar, domin duk misalanta suna cikin hotunan da babu wutar haska su. Na tuna wata ma'anar, wadda ake rubutawa a wuyan riga, tsakanin ƙarama da babba. Na gwada ta da sauri: “Wato dole gwani ya saurari matsakaicinsa.”

“Matsakaicin me?” in ji Mama Asabe.

Wayata tana aljihu, kuma na san in na ciro ta na duba, cikin ƙiftawar ido zan samu. Amma yaya za a yi mutumin da aka yaba wa Hausarsa yanzu-yanzu a gan shi yana leƙa waya kamar ɗalibi mai satar amsa? Ga Farfesa tana ta zuba ba birki. Ga idanu sun zubo mini. Shiruna ya yi tsawo har Darakta, daga can layin gaba, ya waiwayo ya dube ni. Na ji rigata ta manne a gadon bayana.

A cikin wannan firgici ne shaiɗan ya tuno mini wani fim ɗin Turawa da na gani muna ɗalibai. Wata mata a ɗaki mai duhu, mutane sun kewaye tebur sun riƙe hannun juna, tana kakkafe ido tana isar musu da saƙon matattu. Da wannan sunan ake kiran ta. Mai tsayawa tsakanin ɓangare biyu. Mai taurin kai. Wadda ake saurare. Komai ya faɗa gurbinsa, ƙwal! Na ji wani sanyi ya ratsa ni kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Na yi gyaran murya. “Ku yi haƙuri, na ɗan kauce a baya. Ba rediyo take nufi ba. Boka take nufi.”

“Boka?” Malam Habu ya juyo gaba ɗaya.

“E, Malam. Mai shiga tsakanin mutum da abin da ido ba ya gani. Turawa ma suna da nasu.”

“A'uzu billahi,” ya ce, ya gyara zama.

Abin da har yau yake ba ni tsoro shi ne, daga wannan lokacin fassarar ba ta sake tuntuɓe ba. Duk abin da ta faɗa sai ya zauna daram. Ta ce masana na da suna ganin kowace fasaha ta tsaya ga nata, ta yi abin da shi kaɗai zai iya, kada mai zane ya yi kwaɗayin abin mai sassaƙa. Na ce, “Mutanen da sun ce kowace sana'a ta riƙe bokanta, kada mai zane ya je wurin bokan mai sassaƙa.” Wani baduku a bayana ya ce, “Ikon Allah.” Ta ce masu fasahar yanzu sun rushe wannan katanga, mutum ɗaya sai ya haɗa biyu ko uku a aiki guda. Na fassara. Mama Asabe ta tafa hannu a hankali ta ce, “Su suna da ƙarfi ke nan. Ɗaya ma ya aka ƙare da shi?”

Ta ce har akwai masu cewa zamanin midiyom ya wuce, yau mai fasaha yana iya aiki da tunani kawai, ba ya jingina da ko ɗaya. Malam Habu ya sauke ajiyar zuciya. “Alhamdu lillahi. An fara shiryuwa.”

Sai ta ɗaga yatsa ta ce ita ba ta yarda da wannan ba. Duk wanda ya ce ba shi da shi, a bincika da kyau, yana da shi, bai dai gane ba ne ko kuma ya sake masa suna. Na faɗa musu haka. Carbin Malam ya ƙara gudu.

Kada ka ɗauka hankalina a kwance yake. Akwai wata 'yar murya a cikina da take ta tambaya: in dai bokaye ake tallatawa haka a bainar jama'a, me ya sa Darakta, mutumin da ba ya wasa da sahun farko a masallacin ofis, yake ta gyaɗa kai yana rubutu? Me ya sa babu wanda ya ko motsa a layin gaba? Na ba kaina amsa cewa ai 'yan boko ne, sun saba jin komai. Gaskiyar ita ce na riga na yi nisa. Na canza fassara har sau biyu, in na sake canzawa, wa zai ƙara yarda da ni? Sai addu'a nake Allah ya sa ta gama, a tashi, kowa ya kama gabansa.

Ba ta gama ba. Ta sauko daga dandamali, fuskarta cike da fara'a, ta nuna kusurwarmu. Ta ce da safiyar nan ta haɗu da mutumin da ya fi duk littattafanta bayyana abin da take nufi, Malam Habu. Ta ce ya gaji nasa midiyom ɗin daga mahaifinsa, tun yana yaro yake tare da shi, ya san halinsa ciki da waje. Ya gaya mata, ta bakin wani ɗalibi da ya raka ta, cewa da damina halinsa daban ne, kuma akwai ranar da yake ƙin ba da haɗin kai, sai ya haƙura ya jira. Jama'a suka waiwayo gaba ɗaya suna tafi.

Malam ya ji sunansa, ya ga ana tafa masa, ya ɗan yi murmushin kunya. Ya sunkuyo. “Yaro, me ta ce a kaina?”

Na fara neman wata ƙaryar da zan lulluɓe wannan da ita, amma Mama Asabe ta riga ni. Ai ta haddace kalmar. “Na ji ta ce midiyom! Malam, ashe kai ma kana da shi?”

“Faɗa mini abin da ta ce,” in ji Malam. Murmushin ya tafi.

Na faɗa. Wallahi na faɗa, da bakin nan nawa. Na ce ta ce ya gaji boka daga mahaifinsa, kuma da damina bokan yakan yi gardama.

Malam Habu ya miƙe tsaye. Ba mai ƙiba ba ne, ba kuma dogo ba, amma da ya tashi sai tafin ya mutu da kansa. Bai yi ihu ba, muryarsa ce kawai take rawa.

“Ni Habu? Ni da na tsufa ina karantar da 'ya'yan mutane? Baiwar Allah nan ta zo da safe, na karɓe ta da mutunci, na nuna mata allunana ɗaya bayan ɗaya. Sakayyar da za ta yi mini ke nan, ta tsaya gaban jama'a ta ce ina da boka? To ni an faɗa mini, na ji. Mahaifina fa? Mutumin da yake kwance a kabarinsa, me ya yi mata? A sauke mini alluna, yanzu zan tafi.”

Zauren ya yi tsit, ƙarar fanka kawai ake ji. Kuma a daidai wannan lokacin aka kawo wuta. Majigi ya yi ƙyafta-ƙyafta ya haska bango. Ga kalmar nan da manyan baƙaƙe a sama. A ƙarƙashinta, hoton da Farfesa ta ɗauka da safe: hannun Malam Habu, da allo, da 'yar kwalbar tawada.

Tawada.

Tawada ce ya gada. Tawada ce take canza hali da damina. Abin da ake yin aikin da shi, yumɓun mai tukwane, fatar baduku, ƙwaryar mai sassaƙa, shi ake ta magana a kai tun ɗazu. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Farfesa ta ƙaraso kusa, ta rikice, tana duban Malam tana dubana. Ta tambaye ni da Turanci me yake cewa, ko ta yi wani laifi ne. A nan ne na yi abin da ya fi komai ba ni kunya, ya fi bokan ma. Na ce mata godiya yake yi, yabon ne ya taɓa masa zuciya.

Na manta rabin zauren Hausawa ne.

“Godiya?” Muryar Darakta ce. Ya riga ya taso. “Godiya ka ji ya yi? Zo nan.”

Tafiyar daga kusurwar baya zuwa gaban zaure ba ta da nisa, amma ni na ga kamar daga nan zuwa Keffi ce. Ya miƙo mini makirufo. “Gaya wa jama'a abin da kake fassara musu tun ɗazu.”

Na so in ce laifin janareta ne. Na so in ce kalmar ce mai fuska huɗu. Har na hango wata ƙofar: in na dage cewa abin da na ji ke nan, laifin zai rataya tsakanina da Farfesa, a ce rashin fahimta ce. Amma na dubi Malam yana tsaye, leɓensa yana rawa saboda an taɓa mahaifinsa, na ga babu inda za ni. Na ce, da Hausa sannan da Turanci, Farfesa ba ta ambaci boka ba ko sau ɗaya. Ni ne ban san kalmar ba, na ƙi tambaya, na ƙirƙiro. Muryata ta fito a lasifika siririya kamar ta ɗan akuya.

Sai wani a tsakiya ya kasa riƙewa ya fashe, daga nan zauren ya ɗauka. Masu tabarau suna dukan cinya. Wata har da share hawaye. Mama Asabe kuwa ta ɗaga murya don kada a bar komai a baya: “Ya ce wai har Turawa ma yana da nasu!”

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, Malam da Farfesa. Da aka yi mata cikakken bayani sai ta dafe baki, ta taka har gabansa ta rusuna, ta ba shi haƙuri a kan laifin da ba nata ba. Darakta da kansa ya fassara. Ni ma na je na durƙusa. Malam ya daɗe yana kallona kafin ya ce, “Yaro, da ka ce ba ka sani ba, wa zai dake ka?” Ya koma ya zauna. Bai ce ya yafe ba, amma bai sake maganar sauke alluna ba.

Ka san mai falsafa, ko gobara ta gani sai ta nemi darasi a ciki. Farfesa ta koma gaba ta ce to, tunda abin ya zo da haka, mece ce kalmar a Hausa? Darakta, wanda yanzu ya zama tafinta, ya ce “kayan aiki”. Ta tambaya ko alƙalami ma yana ciki. Aka ce e. Ta ce to bai cika ba, domin alƙalami ana ajiye shi in an gama, tawada kuwa ita ce take zama a jikin allon, ita ake kallo. Kuma ko tawadar ma, in ji ta, ba ita kaɗai ba ce. Wadda mai shago yake rubuta rasit da ita da wadda ke kan allon zayyana suna iya fitowa daga kwalba ɗaya. Abin da ya raba su shi ne abin da mutane suka koya, tsara bayan tsara, cewa ana iya yi da ita, da yadda aka koya wa ido kallonta. Wannan haɗin take nufi.

Nan fa gardama ta ɓarke, ni kuma aka mayar da ni mai kai makirufo daga wannan hannu zuwa wancan. Mama Asabe ta ce ita ba ta ga abin wahala ba, yumɓu sunansa yumɓu. Wani saurayi mai zane da kwamfuta ya ce shi fa ba ya taɓa yumɓu ba ya taɓa tawada, aikinsa yau yana waya, gobe a bango, jibi a jikin riga, to nasa wanne ne? Wani ya ce a kira shi “hanya”. Baduku ya ce hanya ai wucewa ake yi a bar ta, shi kuwa fatarsa ba a barin ta. Wata malamar jami'a ta ce “harshe” ya fi kusa, tunda kowanne akwai abin da yake iya faɗa da wanda ba ya iyawa. Malam Habu, da aka matsa masa, ya ce shi dai ya san in ya zana abu ɗaya a allo da a takarda, ba abu ɗaya ba ne, amma kada a tambaye shi suna, yau ya ƙoshi da sunaye. Aka tashi ba a daidaita ba. Farfesa ta ce ba ta taɓa jin daɗin taro irin wannan ba. (Ni dai ban ce komai ba. Ko tari ban yi ba.)

Washegari Darakta ya kira ni ofis. Na shiga ina jiran takardar tuhuma. Bai ba ni ba. Ya ce, “Rashin sanin kalma ba laifi ba ne, ni ma sai da na ga hoton na tabbatar. Wanda ya dame ni shi ne ‘godiya yake yi’.” Ya ci gaba da duba fayil ɗinsa. Kujerar shugaban sashe kuwa, abokiyar aikina ce take kai har yau, kuma tsakani da Allah ta fi ni dacewa. A ofis an daina kirana da sunana. Har masu gadi, in na shigo da safe, “Boka, an iso lafiya?”

Na ɗauka ta ƙare a nan, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da na je Jiwa ranar wata Asabar don in sake ba Malam haƙuri a gidansa, sai na tarar labari ya riga ni, kuma rabinsa ne ya iso. Wani daga cikin waɗanda suka zo taron ya fita amsa waya daidai lokacin da Malam ya miƙe, bai dawo ba sai da aka watse. Malam ya ce har wata mata ta yi sallama ta bayan gida, tana roƙon a haɗa ta da “mutumin nan na wurin Baba”.

“Inda ka ɓata, nan za ka gyara,” ya ce.

Haka aka yi. Bayan sallar La'asar ya tsayar da jama'a a ƙofar masallaci, na tashi da shaddata mai guga na yi wa manoma da 'yan kasuwa bayanin falsafar fasaha, tun daga rediyo har zuwa tawada. Wani tsoho ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambayi na kusa da shi, “Wai a gwamnati yake aiki?” Aka ce masa e. Ya girgiza kai ya saka takalminsa. Sai a lokacin Malam ya yi dariya, ya kama hannuna ya ce a kawo mini fura.

Tun daga nan na koyi wata jimla da duk karatuna ba a koya mini ba: “Ban gane ba, a maimaita.” Na kuma koyi jin tsoron bayanin da ya zo da santsi fiye da kima, musamman in daga bakina yake fitowa. Kwanakin baya an sake sa ni tafinta ga wani baƙo, na tsayar da shi ya fi a ƙirga, har ya fara huci yana duban agogo. Ban damu ba. Gara a ce tafintan nan kansa da nauyi, da in sake zuwa kabarin mahaifin wani in ajiye masa boka.